Littafin Riyal Uku

A Haraj na same shi, ranar Juma'a bayan la'asar,
tsakanin matacciyar fanka da takalmi wari ɗaya.
Bayamanen da ke tsare da tulin ya ce riyal biyar,
na ce uku, ya miƙo bai ko dube ni ba.
Bango ya yage, ya tafi da sunan marubucin,
sai warin taba da tabon shayi a shafi na tara.
Fassarar Larabci ce, irin ta mutanen da,
ina bin ta sannu kamar mai tafiya cikin ƙaya.

Daren Jidda ba ya sanyi.
Na gama gugar jallabiyoyin mutane,
na zare dutsen guga, na zauna bakin shago a Karantina,
teku na turo numfashinta mai gishiri.
Na buɗe.

Birni ne da ruwan sama ba ya ɗaukewa,
fitilun titi kamar idon mai zazzaɓi.
Wani tsoho mai safar hannu na sayar da filin da ke ƙarƙashin kogi.
Wata mace na shiga takaba sau huɗu a shekara,
mazan nata ko haihuwarsu ba a yi ba.
Yaronsu mai ƙirga kuɗi ba ya magana,
sai dai ya lashi yatsa.
Har shafi na ɗari ba wanda ya zare wuƙa.
Murmushi ne kawai, da ladabi, da alƙalami mai tsada.

Abin da ya kama ni, marubucin ba ya wa'azi.
Jimlarsa gajera, busasshiya, kamar amsar ɗan sanda.
Bai ce ga mugu ga na kirki ba.
Ya zuba su a ɗakin otal mai ƙwan lantarki ɗaya,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara barci.
Tsohon ya ce da yaron: ba a yi wa mutum sata,
kai dai riƙe masa buhu, shi zai zuba da hannunsa.

Nan na kife littafin a cinya,
don na san muryar nan.
Alhaji Maikano, ofis a saman bene, hoton Ka'aba a bango.
Aikin kamfani, in ji shi, gida kyauta, iƙama cikin wata guda.
Na sayar da gonar fadama da bijimai biyu.
Har lemo mai sanyi ya ba ni,
har bakin mota ya raka ni yana sa mini albarka.
Shekara shida ke nan lambarsa ba ta shiga.
Na daɗe ina kai ƙararsa bayan kowace salla,
sai daren nan, cikin rubutun wani baƙo,
na hango shi riƙe da buhu,
na hango ni ina zubawa, har ina godiya.

Ɗan'azumi ya ɗago kai daga katifa:
"Kashe wutar nan, gobe akwai aiki."
Na ce saura shafi biyu. Ni ma na fara iyawa.

Matar ta musanya jaka a tashar jirgin ƙasa.
Tsohon ya gani ta madubi, bai ce uffan ba.
Ashe yaron ya riga ya cika jakunkunan biyu da jarida.
Na yi dariya ni kaɗai har kyanwar lungu ta zabura.
Abin kunya, tausayinsu nake ji,
ina so su tsira, ina so a kama su,
ban san wanne ya fi ba.

Ladan ya yi kiran farko ina shafi na ɗari biyu da shida.
Tsohon ya ɗora hannu a kan ƙofa,
wani na numfashi a bayanta.
Na juya.
Zare, da busasshen gam.
An cire sauran.

Na buɗe baki zan ce Allah ya isa, na fasa.
Dare guda cur a riyal uku, ai ba a cuce ni ba.
Juma'a zan koma Haraj in tona tulin nan,
ko ragowar na ƙarƙashin fankar.
Na san Bayamanen zai ce akwai, a gida, riyal goma, kawo yanzu.
Na kuma san zan bayar.